Jan Hatimi Shida a Takardar Maganin Salwa

Da asuba, kafin injinan kamfani su tashi, Sumie Hikosaka takan durƙusa a ɗakin salwa tana zaro farantan kashi ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin keji. Ba ta zubarwa sai ta duba. Takan kai faranti gaban fitila, ta karkata shi, ta tona da wani tsinken cin abinci da ta ware don wannan aikin, sannan ta rubuta abin da ta gani da fensir. Keji sittin ne a ɗakin. Shekara ashirin da shida ina zuwa ɗaukar mota da ƙarfe biyar da rabi, ban taɓa riga ta isowa ba.

Ni ne direban kamfanin, sunana Tetsuo Makino. Ita Tetsu take ce mini, ni kuma in ce mata Yaya, don ta ba ni shekara tara. Kamfanin yana kudancin garin Toyohashi, a tsakiyar gonakin kabeji, mu goma sha huɗu ne har da Maigida Kumagai. Magungunan kaji da na shanu muke haɗawa, ni in loda in kai, in karɓo kuɗi, in ba da rasit. Ba ni da yawan magana, kuma ba na son mai yawan magana. Shi ya sa muka daidaita da ita. Sai mu ci dunƙulen shinkafarmu a bakin mota ɗaya, mu tashi, ba wanda ya ce wa wani ci kanka.

Mahaifinta kiwon salwa yake yi. Tana da shekara goma sha tara zawon jini ya shiga masa gida a wata damina, cikin kwana goma sha biyu ya kwashe tsuntsu dubu ashirin. Ita ta riƙa tura gawarwakin a baro zuwa rami. Tsohon ya sayar da filin ya koma leburan masana'antar mota, ita kuma ta zo kamfaninmu a matsayin mai shara. Ta yi aure, mijin bai daɗe ba ya rasu, ya bar ta da ɗa ɗaya da ya girma ya tafi birnin Nagoya. Iyakar abin da na sani ke nan game da gidanta, shi ma ba daga bakinta na ji ba.

Salwa ba ta da maganinta na kanta. Duk maganin da hukuma ta yarda da shi na kaji ne. Idan ciwo ya shigo, masu kiwo sai su ɗebi na kaji su ba ta da ka, wani ya yi yawa, wani ya yi kaɗan. Sannan ba wanda ya san kwana nawa za a yi ana zubar da ƙwai kafin maganin ya fita daga jikinsa. Ƙwan yankinmu kuwa makarantu ake kai wa, yara suke ci a abincin rana. Da za a sami ɓurɓushin magani a tire ɗaya, to duk ƙungiyar masu kiwon ce za ta kwana a ciki. Tsohon mai haɗa magani na kamfaninmu shi ya fara neman awon da ya dace da salwa, ya ɗauko Sumie daga shara ta riƙa kula masa da tsuntsayen gwaji. Ya rasu aikin bai kai rabi ba. Ba wanda ya ce mata ta ci gaba, ba kuma wanda ya ce ta bari. Sai ta ci gaba. Shekara goma sha ɗaya tana awo, tana aika ƙwai ɗakin bincike, tana cika littattafai, har ta gano yawan da za a ba tsuntsu da kwanakin da za a jira. Masu kiwo suka sa mata suna Uwar Salwa.

Abin da ya rage shi ne a kai takardu ofishin tantance magungunan dabbobi a babban birni, a biya kuɗin dubawa, yen dubu ɗari shida. Duk watan Fabrairu Maigida yakan zauna ya tsara kasafin shekara, duk shekara kuma maganin salwa ne na ƙarshe a jerin, shi ne kuma na farko da yake sokewa da biro. Na taɓa jin su ta ƙofa.

"Sumie, zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar mai bin bashi. Kin san kaji nawa ne a ƙasar nan? Kin san salwa nawa? Kuɗin dubawar kuwa ɗaya ne. Shekara nawa zan yi ina sayar wa gidaje sha tara magani kafin in mayar?"

"Maigida, ita salwar ba ta san da wannan lissafin ba."

"To ni na sani. Baɗi."

"Bara ma baɗi ka ce."

"Ashe kin ga ba na canza magana."

Ba mugu ba ne. Injin haɗa garin magani ya tsufa, rufin sito yana yoyo, albashin mutum goma sha uku yana wuyansa. Na ga takardun, ba ƙarya yake yi ba.

A shekarar da Sumie ta cika hamsin da takwas, sanarwa ta zo daga ofishin. An rage musu kason da gwamnati take ba su, an ce su riƙa ciyar da kansu da kuɗin dubawa. Don haka daga ɗaya ga Afrilu kuɗin zai ninka uku, kuma ba za a sake karɓar gwajin da aka yi a ɗakin ƙaramin kamfani irin namu ba, sai na manyan ɗakunan da aka yi wa rajista. Duk takardar da ta shiga kafin ƙarfe biyar na yammacin talatin da ɗaya ga Maris, da tsohon tsari za a duba ta. Bayan nan littattafan Sumie sun zama takardar ƙunshe kifi.

Maigida ya ce zai sa hannu, zai buga hatimin kamfani, amma ko yen ɗaya ba shi da shi. Sai ta ce in ya yarda za ta nemo. Lahadi uku a jere na kai ta gidajen masu kiwo, ba wanda ya biya ni, ban kuma nema ba. Gidan Baba Imaizumi muka fara zuwa, shi ne babbansu, tsoho mai kaifin harshe da ya san mahaifinta.

"A'a, Uwar Salwa, yau ke ce da sabon takalmi? Ko miji kika samu?"

"Baba, kuɗi na zo nema."

"Ai na sani. Mace ba ta sa sabon takalmi ta shigo cikin kashin tsuntsu don gaisuwa. Wancan gunkin da ke bayanki fa, yana magana?"

"Yana tuƙi."

"To ya isa."

Ta shimfiɗa masa littattafan a kan akwatin ƙwai. Bai karanta ba. Ya dubi hannayenta, ya shiga ciki, ya fito da ambulan. Ya ce kuɗin sabon fanka ne na rumfar tsuntsaye, za su sha zafi bana, in sun yi ƙorafi zai turo su wurinta. Da sauran suka ji Imaizumi ya bayar, kowa ya kawo abin da ya iya. Gidaje huɗu ba su da shi sai ƙungiya ta biya su kuɗin ƙwai na ƙarshen wata. Shi ya sa kuɗin bai cika ba sai safiyar talatin da ɗaya.

Ofishin gwamnati ba ya karɓar tsabar kuɗi. Kan sarki na haraji ake saye a gidan waya a manna a takarda. Ƙarfe tara muna bakin gidan waya, ta ƙirga kuɗin gidaje sha tara aka ba ta kan sarki shida, kowanne na yen dubu ɗari. Ta manna su a jere a shafin farko, ta danne da gefen hannu, ta sa a jaka ta rungume. Muka kama babbar hanya.

A garin Shizuoka muka tsaya cin taliya. Ta fito da takardar don ta sake dubawa, kamar yadda take sake duba komai. Ni da ba na magana, ranar ce na yi.

"Yaya, haka za ki kai su tsirara?"

"Tsirara kamar yaya?"

"Ba hatimi. Ai kan sarki ba ya zama sai an buga masa, rabi a kansa rabi a takarda. Duk rasit ɗin da ya wuce dubu talatin haka nake yi. In na manta, masu haraji tara suke cin kamfani."

"Wannan ai ba rasit ba ne."

"Kan sarki kan sarki ne. In wani ya ɓamɓare ɗaya a hanya fa? Dubu ɗari ne ya tafi."

Ta juya takardar ta duba. "Ba su rubuta a yi haka ba, Tetsu."

"Ai ba a rubuta wa mutum ya rufe ƙofar banɗaki. Shekara ashirin da shida ina wannan abin."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Hatimin rasit na kamfani yana aljihuna kullum, tare da ƙaramin gwangwanin jar tawada. Ni na ciro, ni na buɗe, ni na miƙa mata. Ta ninke hankici ta sa a ƙarƙashin takardar don ya fito sosai. Ta buga guda shida, a tsanake, ba wanda ya karkace. Ta hura musu iska har suka bushe. Ta ce, "Na gode da ka tuna." Na ji daɗi a raina. Har kuɗin taliyar na biya.

Cunkoso ya riƙe mu a bakin birni, ba mu isa ba sai ƙarfe uku da minti ashirin. Wata yarinya ce a tagar karɓar takardu. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe shafin farko, sai na ga murmushinta ya tsaya.

"Mama, wa ya buga waɗannan?"

Ina tsaye a bayanta, riƙe da akwatin littattafai. Kafin in buɗe baki Sumie ta ce, "Ni ce."

Yarinyar ta ce a yi haƙuri, ta shiga ciki ta fito da shugabanta, wani mai furfura da ya yi ta sunkuyawa kamar shi ya yi laifin. Ya ce kan sarki na kuɗin dubawa ofishi ne yake soke shi da kansa, bayan ya karɓa. Wanda aka riga aka buga wa hatimi ana ɗaukarsa an yi amfani da shi. An rubuta haka a bayan takardar bayani. Takardar bayanin kuwa tana can kan teburin Maigida a ƙarƙashin kofin shayi.

Sumie ta ce, "Ranka ya daɗe, yau da safe na saye su. Ga shaidar gidan waya."

"Na yarda, Mama, ko kusa ban ce kin yi ƙarya ba. Kuɗinki ya shiga aljihun gwamnati tun safe, amma bai shigo namu ba. Mu abin da muka soke da hannunmu ake lissafa mana. Da a da ne, da na nemi hanya. Yanzu kowace takarda sai an bi ta an ga kuɗinta, daga nan ake biyan wannan yarinyar. In kin kawo wasu shida kafin biyar, da hannuna zan karɓa."

Akwai wayar tarho ta jefa kuɗi a ƙasan bene. Ta kira Maigida, ina jin muryarsa daga inda nake. Banki ya rufe tun ƙarfe uku, abin da ke akwatin ofis bai kai dubu tamanin ba, ko da akwai ma ba ta yadda zai iso. Ta kira ɗanta, yana wurin aiki, ba a same shi ba. Na zazzage aljihuna, dubu goma sha ɗaya da 'yan canji. Muka zauna a benci muna kallon agogo. Da biyar ta yi, ta tashi ta koma sama, ta sunkuya wa yarinyar ta ce ta gode da ɗawainiya. Yarinyar ce ta yi kuka, ba ita ba.

A hanyar dawowa magana ɗaya ta yi. Ta ce, "Gobe ka zo da wuri, gidaje sha tara ne."

Ta sayi kwalin alewa sha tara, kamar yadda ake yi in za a je ba da haƙuri. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa jana'iza. A kowane gida takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga, ta sunkuya har sai an ce ta ɗago. Ni kuwa ina cikin mota, hannuna a kan sitiyari. Na gaya wa kaina hanyar ƙauye matsattsiya ce, dole wani ya zauna ko za a buƙaci a matsar da mota. A gidan Baba Imaizumi gilashin motar a buɗe yake, na ji komai.

"Shekara goma sha ɗaya kina leƙen kashin tsuntsu, ba abin da ya taɓa wuce miki, amma layi ɗaya na rubutu ya gagare ki?"

"Haka ne, Baba."

"Ubanki ma haka yake. Ya iya wahala, bai iya ƙarasawa ba."

"Haka ne."

Ya ɗaga kai ya dubi motar. "Shi wancan gunkin fa? Yana ina aka yi wannan?"

"Tuƙi kawai ya yi."

Taku goma ne tsakanina da su. Ƙofar motar ba a kulle take ba. Ban fita ba.

An rubuta wasiƙu don a dawo da kuɗin, aka yi ta tura mu daga wannan ofis zuwa wancan, har Maigida ya ce kuɗin kan sarkin wasiƙun ma ya ishe shi. Kafin kaka aka rufe ɗakin salwa aka mai da shi sito. Ni na kwance kejin. Sumie ta wanke farantai sittin ɗin tas, ta jingina su a rana, ko da yake ba tsuntsun da zai sake amfani da su. Da bazara ta zagayo ta ajiye aiki. A kamfani in an tuna da ita sai a ce, ai ita ce ta buga hatimi a kan kuɗin mutane. Na ji an faɗa a gabana ya fi sau goma. Bayan shekara biyu zawon jini ya shiga gidaje huɗu a damina ɗaya. Baba Imaizumi ya rasa rabin tsuntsayensa. Ni na kai masa farar ƙasa ta zubawa a rami.

Na yi mata abin da na iya. Guguwa ta yaye mata rufi, na hau na gyara. Duk sanyi ina kai mata kananzir jarka biyu in ajiye a bakin ƙofa. Na canza mata tayar keke ban san sau nawa ba. Takan kawo mini koren shayi ta ce, "Tetsu, ka cika wahalar da kanka." Duk rayuwata na raina masu surutu, na ɗauka aikin hannu ya fi kowace magana. A nan kuwa magana ake bukata, jimla ɗaya, a ƙofar gidan Imaizumi. Rufi da kananzir ba su isa kunnen masu kiwo ba. Tsohon ya rasu yana ganin sakacinta ne.

Ita ba ta zauna ba. Tun da ta bar kamfani, kullum da asuba takan hau keke ta je ɗaya daga gidajen sha tara, bi da bi, ta duba musu farantai. Da farko wasu ba sa ko amsa gaisuwarta. Amma idonta yana ganin ciwon kwana biyu kafin na kowa, ta ware marasa lafiya, ta sa a wanke layin kejin, sau da yawa abin ya tsaya a keji uku ko huɗu. Ba ta karɓar ko sisi. In an matsa mata sai ta ɗauki ƙwai goma. Ba magani ba ne, ita ma ta sani. Maganin yana cikin akwati a ɗakinta, littafi talatin da ɗaya, da takardar nan mai jan hatimi shida a sama.

Ta rasu a watan Janairu, tana da shekara saba'in da biyu. Ɗanta ya tambaye ni abin da zai yi da akwatin, na ce ya ba ni. Yana nan a ƙarƙashin gadona. Na kwafi wannan labarin da na rubuta sau sha ɗaya, don gidaje sha ɗaya ne suka rage suna kiwo, zan kai wa kowanne da hannuna.

Ganina na ƙarshe da ita a watan Nuwamba ne, a gidan Imaizumi, wanda ɗansa yake riƙe da shi yanzu. Na kai maganin feshi da sassafe, sai na ga kekenta a jingine. Na same ta a layin keji na uku, durƙushe, bayanta ya lanƙwashe, ta sa rigar sanyi biyu. Na tsaya a kanta. Na yi shekara goma sha huɗu ina shirya maganar.

"Yaya, wancan hatimin..."

"Riƙe mini fitilar nan. A'a, ƙasa-ƙasa. Kai, hannunka rawa yake kamar na tsoho."

"Ai tsohon ne."

"To tsoho, haska nan."

Na haska. Ta karkata farantin, ta tona da tsinkenta, ta tsaya a kan wani ɗigon ja da bai kai ƙwayar gero ba. Ta buɗe kejin, ta zura hannu a cikin tsuntsu talatin ba tare da ta firgita ko ɗaya ba, ta fito da wata da ta takure a lungu. Ta hura mata gashin ciki ta duba, ta sa ta a aljihun gaban rigarta inda akwai ɗumi. Ta lashi bakin fensir ta rubuta lambar kejin a bayan hannunta, sannan ta ja gwiwa gaba ta zaro faranti na gaba.